Yadda za ka haɗa kayan hasken hoton waje da ɗan kuɗinka a Damagaram

Bayan ƙaramar sallah wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya shigo shago da kwali a hammata, baki har kunne. Ya tara abin da ya samu a hotunan sallah ya sayo fitilar nan mai zobe, irin wadda ƴan mata ke kunnawa in za su yi bidiyon TikTok. Ya ce, "Maigida, hoton waje kam yanzu ya zo hannu." Na ce ya ɗauko ta mu fita ƙofar shago. Wajen ƙarfe 11 na safe ne. Ya tsayar da ƙanensa a rana, ya murɗa fitila har ƙarshe, ya ɗauka. Ya kashe ta, ya sake ɗauka. Da muka jera hotunan biyu, shi kansa ya kasa nuna wanda aka kunna fitila a ciki.

Ranar garin nan ta fi ƙarfin duk wata fitilar LED da mai ƙaramin jari zai iya saya. Wannan irin fitila ta ɗaki ce, ko ta bayan magariba. Saboda haka in hoton waje kake nufi, na amare a kan duwatsu, ko na ɗaliban jami'ar André Salifou ranar bikin gama karatu, ko na samari cikin shadda a lungunan Birni, cire ta daga lissafi tun yanzu. Abin da zai cece ka shi ne sanin abin da za ka fara saya da abin da za ka bari sai aiki ya biya kuɗinsa.

Fara da faifan haske

Sayayyar farko ba ta cin batir, ba ta jiran kuran. Faifan haske ne, wanda masu sayarwa ke kira rifilekta: zagayayyen ƙyalle mai bakin waya, ana murɗa shi ya naɗe ya shiga jaka. Nemi mai fuska biyar. Rigarsa mai zif tana da fari da ruwan azurfa da ruwan zinari da baƙi, in ka cire rigar kuma sai ka tarar da farin ƙyalle shara-shara wanda haske ke ratsawa. Ana samun mai faɗin santimita 80 da mai 110. Ɗauki na 110. Na 80 fuska kaɗai yake iya rufewa, amarya kuwa da ɗaurin kanta da gyalenta sun fi ƙarfinsa.

Yawancin masu farawa azurfar da zinarin suke ɗoki, alhali na tsakiyar nan shara-shara shi ne mai aikin. In rana ta take, inuwar gira tana faɗawa cikin ido, ta hanci tana sauka kan leɓe, goshi yana ƙyalli kamar an shafa man shanu. Ka sa yaronka ya ɗaga shara-sharan tsakanin rana da kan mutum, kamar yadda ake riƙe wa sarki laima. Nan take inuwar ta narke, mutum ya daina runtse ido. Kyamara ta jika ɗari nawa ba za ta yi maka wannan ba.

Farar fuskar kuma ta cike inuwa ce. Juya mutum ya ba rana baya, yaro ya tsaya ta gaba, gefe kaɗan, ya taro hasken ya mayar kan fuska. Ya riƙe faifan daidai ƙirji ko sama da haka. In ya sauke shi wajen gwiwa, hasken zai taso daga ƙasa, ƙofofin hanci su yi haske, mutum ya koma kamar mai leƙa rijiya da tocila. Azurfa tana da ƙarfi, ajiye ta sai la'asar sakaliya ko cikin inuwar zaure. Ka haska wa Hajiya ita da tsakar rana, hawaye za su ɓata kwallin kafin ka danna. Zinarin kuwa ni kusan ban taɓa amfani da shi ba. Katangun Birni na jar ƙasa da yashin da ke ƙasa sun riga sun zuba wa fata ja-ja, ka ƙara zinari a kai, baƙin mutum ya fito kamar lemo.

Faifai yana zuwa da wani kashe kuɗi da ba a rubuta a kwali ba: mai riƙewa. Ba ka iya riƙe kyamara ka riƙe faifai. Ware kuɗin yaro a kowane aiki, ka kuma koya masa ya riƙa kallon fuskar wanda ake ɗauka, ba fuskarka ba.

Yi aƙalla aiki goma da faifan nan kaɗai kafin ka taɓa kuɗin filashi. A nan ne idonka zai koyi ganin inda haske ke fitowa da inda yake faɗuwa.

Sannan filashi, guda ɗaya

Faifai yana gazawa a wuri uku: in mutane sun fi biyu, in kana son sama ta fito da launinta a bayan mutum maimakon ta yi fari fat, da kuma in rana ta kusa faɗuwa ba sauran abin tarowa. A nan filashi ke shigowa.

Kafin ka shiga kasuwa, riƙe lissafi ɗaya. A rana tsaka, a ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara ke jin haske), in saurin ƙiftawar kyamara yana 1/200 na daƙiƙa, buɗin lensi zai tsaya wajen f/11 (lambar f in ta yi girma, ƙofar lensi ta tsuke, haske kaɗan ke shiga). Na ce 1/200 ne domin yawancin kyamarori ba sa jituwa da filashi in an wuce 1/200 ko 1/250, sai ka ga baƙin layi ya yanke hoton. Kowane filashi kuma yana da lambar ƙarfinsa, ana rubuta ta GN. Raba lambar da buɗin lensi, abin da ya fito shi ne nisan da hasken zai kai a mita. Godox TT600 an rubuta masa GN 60. Raba 60 da 11, ka samu mita biyar da rabi. Amma wannan 60 ɗin sai an matse hasken ya zama siriri, a zum na 200mm. In ka buɗe shi ya rufe mutum daga hula zuwa takalmi, nisan ya dawo wajen mita uku. Ka sa masa laimar da ke tausasa haske, ya dawo ƙasa da mita biyu. Ma'ana, ƙaramin filashi yana iya yin kokawa da rana, amma sai ya matso kusa da mutum ƙwarai, kuma a cikakken ƙarfi.

Shi ya sa dabarar mai ƙaramin jari ita ce ya ƙi kokawar. Shigar da mutum inuwa, ta katanga ko ta zaure ko ta wani babban dutse, inda hasken ya sauka har f/4 ta wadatar. A nan filashin da ke nishi a rana zai yi maka aiki a 1/8 na ƙarfinsa, batir ya daɗe, kan filashi bai yi zafi ba. Inuwar dogon yaro dai a kula da ita, ganyen yana tsiyayo ɗigon rana a fuska da riga kamar zanen damisa, filashi kuma ba ya goge su.

Wanne za ka saya? Ni shawarata mai saitin hannu, wanda kai ne za ka ce masa ya ba da 1/4 ko 1/16 na ƙarfinsa. TT600 na Godox da YN560 IV na Yongnuo duka irin wannan ne, duka suna cin batir AA huɗu, duka suna da rediyo a cikinsu mai karɓar umarnin harbi daga nesa. Masu TTL, waɗanda ke auna haske da kansu, sun fi tsada, kuma aikinmu yana ruɗa su: ango cikin farar babbar riga, amarya cikin leshi mai duhu, kowane hoto da irin hasken da na'urar za ta ga dama ta bayar. Mai saitin hannu in ka daidaita shi sau ɗaya, muddin nisa bai canza ba, hoto hamsin za su fito iri ɗaya.

Tsakanin kamfanonin biyu na fi karkata ga Godox, don dalili ɗaya: rimot ɗin (na'urar da ke harba filashi daga nesa) da zai harba TT600 yau shi zai harba babban filashinsu gobe in Allah ya hore. Rediyon Godox da na Yongnuo ba sa jin yaren juna, don haka kada ka haɗa filashin wannan da rimot ɗin wancan saboda ka samu ragi.

In kuɗinka ya ɗan ɗara, V850III ɗan uwan TT600 ne mai batirin litiyam, yana saurin cika kuma ya raba ka da ɗawainiyar AA. Shi kuwa AD200Pro, babban filashin Godox da kowa ke mafarki, ƙarfinsa ya kai na ƙananan filashi wajen uku, batirinsa yana ba da harbi kusan 500 a cikakken ƙarfi, shi ne mai iya tsayawa da rana a fili. Sai dai kuɗinsa zai sayi TT600 huɗu ko biyar. Bar shi sai amare sun saya maka shi.

Rimot, da wani tarko a kan kyamarar Canon

Filashi a kan kyamara hoton katin shaida yake bayarwa: fuska a baje, goshi na walƙiya, shadda ta mayar da hasken kamar madubi. A hunturu abin ya fi muni, domin hasken yana bugun ƙurar da ke gaban lensi, hoto ya yi hazo. Dole filashi ya sauka gefe, kuma abin da ke harba shi daga nesa shi ne rimot ɗin da ake ɗorawa a kan kyamara. Na Godox akwai X2T da XPro. Duba harafin ƙarshe: C na Canon ne, N na Nikon, S na Sony, F na Fujifilm. TT600 kansa ba ruwansa da irin kyamara, rimot ɗin ne mai ƙabila. Na san wanda aka aiko masa da mai N daga Kano alhali Canon gare shi, ya yi wata biyu yana neman mai musanya.

In kyamararka Canon 4000D ce ko 250D, leƙa wurin da ake zura filashi a samanta. Za ka ga babu babban ƙarfen tsakiyar nan da sauran kyamarori ke da shi. Filashi ko rimot mai ƙafar ƙarfe ɗaya tal ba zai tashi a kanta ba ko ka danna har gobe. Sai rimot na Canon mai cikakkun ƙarafa, wani lokaci ma sai an sabunta manhajar cikinsa ta kwamfuta. Mai irin wannan kyamara kada ya biya ko dala sai ya ga filashi ya tashi da idonsa.

Akwai abin da ake kira HSS, wanda ke barin ka wuce 1/200 har zuwa 1/8000, ka buɗe lensi f/2 bayan mutum ya narke. TT600 yana yin sa in rimot ne ya harba shi. Amma HSS yana cinye fiye da rabin ƙarfin filashi, ƙaramin filashi kuwa ba shi da rarar da zai zubar. Hanya mai araha ita ce baƙin gilashin da ake murɗawa a bakin lensi, ND8. Yana mayar da f/11 zuwa f/4 kana nan a 1/200. Yana rage rana da filashi daidai wa daida, don haka bai ƙara wa filashinka ƙarfi ba, amma bai zalunce shi kamar HSS ba. Duba lambar faɗin bakin lensinka a bayan murfi kafin ka saya, 52 ne ko 58 ko 67.

Batir

Nan ne mutane ke yin rowar da ke cin su. Batirin rediyo na tebur, na jika ɗaya dozin, ba ya ɗaukar filashi. Harbi kaɗan zai fara jan numfashi, ka tsaya kana kallon jar fitila, Alhaji yana tsaye da murmushin da ya fara bushewa. Sayi masu caji irin NiMH, kamar Eneloop na Panasonic, takwas: huɗu a ciki, huɗu a aljihu. Rimot ma AA biyu yake ci, a tuna da nasa. Da batir mai kyau TT600 yana sake cika a ƙasa da daƙiƙa uku bayan cikakken harbi.

Jabu sun yi yawa. Na taɓa sayen wasu a wani shago, an rubuta musu lambar ƙarfi da ta ninka ta na gaske, a hannu kuwa ba nauyi kamar kara. Ba su kai ƙarshen ɗaurin aure ɗaya ba. AA na ƙwarai ƙarfinsa tsakanin 1900 ne da wajen 2500 mAh, wato lambar yawan cajin da yake riƙewa. Ka ga an rubuta 4000 ko fiye, ajiye musu kayansu. Araha ba ta ado.

Caja ta zama mai cajin kowane batir daban, mai fitila huɗu. Wadda ke shiga da USB ta fi, domin ranar da aka ɗauke kuran sai ka jona ta a fawa-bank ko a sola. In daga Kano kayan suka fito, sau da yawa kan filogin mai ƙafa uku ne masu kusurwa, soket ɗinmu kuwa na ƙafa biyu zagayayyu ne, sai ka haɗo da adafta. Yi wa kowane huɗu alama da jan farce ko alƙalamin maka, su riƙa aiki tare, su riƙa caji tare.

Zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, yana gajiyar da filashi da wuri. Harbi wajen 30 a jere a cikakken ƙarfi, na'urar kariyarsa ta tashi, ya koma jan ƙafa sai ya huta minti goma. Kada kuma ka bar batir a ƙarƙashin sirdin babur ko cikin mota a rufe.

Ƙafa da laima da iska

Ƙafar filashi, wato sandar da ake kafawa a ɗora shi a kai, mai tsawon mita biyu zuwa biyu da rabi ta isa. A kanta kana buƙatar mariƙi. Na fi son S2 na Godox domin kan filashin yake matsewa, ba gindinsa na roba ba, yana da ramin laima, kuma in ka sayi akwatin haske, wanda shi ma tausasa haske yake yi kamar laima, daga baya zai hau.

Farar laima ita ce mafi araha cikin masu tausasa haske, haskenta kuma yana da kyau a baƙar fata. Aibinta ɗaya, iska. Wata ranar Janairu na kafa ta a kan duwatsun da ke bayan Birni, na juya in gyara wa ango hula, sai na ji ƙara. Iskar hunturu ta ɗauki laima da ƙafa da filashi ta maka su da dutse. Laimar ta jika kaɗan ce ta tsira da karaya biyu, filashin ne ya tsage. Tun ranar ban sake sakin ƙafa ba kowa a kanta. Kai wa tela tsohon wandon jins ya yanke ƙafafun ya ɗinke maka jaka biyu, ka cika da yashi, abin da garin nan ba a saye, ka rataya a gindin ƙafar. Duk da haka in iska na kaɗawa yaro ya dafa. In ta yi ƙarfi, naɗe laimar, ka harba filashi ta cikin shara-sharan faifanka, aiki ɗaya suke yi.

Hunturu dai ba duka sharri ba ne. Ranar da hazo ya rufe gari, rana tana zama kamar an sa mata gyale, inuwa ta yi laushi, ƙaramin filashi ya samu bakin magana ko a fili. Ƙurar ce kawai za ka yi yaƙi da ita: kowane kaya cikin leda mai zif, kuma kada ka canza lensi a waje.

Ranar saye

Ko a Kasuwar Dole ka samu, ko wurin mai hoton da zai sabunta kaya, ko ka bi ta Matamaye ka tsallaka Kano, tafi da kyamararka da batirinka masu caji. In saƙo za ka bayar, tura hoton kayan da cikakkiyar lambarsa ta WhatsApp, kada ka ce "filashin Godox" kawai. Farashin can yana bin canjin naira, don haka tambayi canjin ranar kafin ka lissafa sefarka.

Na hannu ba laifi ba ne in ka duba da kyau. Buɗe ɗakin batir, in ka ga farin gari ko kore-kore a ƙarafan, batir ya taɓa zuba a ciki. Dubi gilashin gaba, in ya yi rawaya ko ya ƙone a tsakiya, an gallaza masa. Murɗa kan sama da ƙasa, hagu da dama, ka ji yana tsayawa daram. Canza zum ka saurari motar ciki. Sa shi a 1/1, wato cikakken ƙarfi, ka harba sau biyar kana ƙirga daƙiƙu, sannan ka sauke shi 1/128 ka ga ko hasken ya ragu da gaske. Daga ƙarshe sa rimot da filashi a tasha ɗaya da rukuni ɗaya, wato lambar tasha da harafin rukuni su zama iri ɗaya a kan duka biyun, ka fita waje taku ashirin ka harba.

Aikin farko

Zaɓi bayan la'asar. Tsayar da mutum rana na bayan kafaɗarsa. Filashi a kashe tukuna: ISO 100, ƙiftawa 1/200, ka juya buɗin lensi har sama da katanga su fito yadda kake so, ko da fuska ta yi duhu. Yanzu kafa ƙafar a gefenka, mita ɗaya da rabi daga mutum, laima ta ɗan fi kansa tsawo tana kallon ƙasa kaɗan. Kunna a 1/8 ka ɗauka. Fuska ta yi duhu, hau 1/4. Ta yi fau, sauka 1/16. Kada ka taɓa saitin kyamara, filashin kaɗai za ka riƙa juyawa. In ƙarfi ya ƙare maka, matso da ƙafar: rage nisa da rabi yana ninka haske sau huɗu.

Kada ka haske baƙin mutum har ya koma fari, ko da ya roƙa. Abin da kake nema shi ne ɗan ƙyalli a kunci da ɗigon haske a ƙwayar ido. Duba farar riga ma, in zaren aikin wuya ya ɓace cikin fari, haske ya yi yawa. Riƙe hankici mai tsabta a jaka don gumin goshi, ya fi awa guda na gyara a kwamfuta.

In rana ta yi ja gab da magariba, hasken filashi zai fito fari-shuɗi a kan fuska alhali duk duniya ta yi ruwan goro. Maganinsa ƴar leda ruwan lemo da ake kira CTO, a ɗaure ta a bakin filashi da robar kuɗi. Rabin ƙarfi ta wadatar. Ka hanzarta kuma, domin a nan in rana ta taɓa ƙasa duhu ba ya jira. A kusa da fadar Sarkin Damagaram ko ƙofar gidan mutane a Birni, yi sallama ka nemi izini wurin dogari ko maigidan kafin ka buɗe ƙafa. Da an kira salla, naɗe laima tukuna, sannan ka cire batir daga filashi kafin ya shiga jaka.